Kwalbar Turaren Ummi

SHAFI NA 23

Masu cika min akwatin saƙo da cewa Salwa ba ta da kunya, na ga saƙonku. Ba zan rage mata ko kalma ɗaya ba. Wadda ta taɓa kwana a bakin ƙofa tana gadin ɗan'uwanta, gari ya waye ta wanke fuska ta tafi aiki tana murmushi, ita kaɗai na ba izinin yi mata hukunci. Bismillah.

*

Tun da aka sallame Azahar Salwa take zarya tsakanin taga da ƙofar falo.

Ta leƙa lungu. Ta dawo ta duba waya. Ta gyara matasan da ta riga ta gyara sau uku.

Tsohon mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin da ke bango, sai ƙara yake, babu sanyin kirki. Zafin unguwar Hindawiyya ya shigo ya zauna tare da su.

"Ke, zauna mana. Kina sa min jiri," in ji Kawu Tsoho, yayan mahaifiyarta, yana jan carbi da sauri.

"Wanda na kira yana hanya, Kawu."

"Yana hanya tun ɗazu. Ni dai na faɗa miki, ana kiran La'asar motar Abu Fahad za ta tsaya a ƙofar nan. Na gama magana da shi."

Salwa ta ɗaga kai ta dubi silin.

Can sama, a ɗakin da ke kan rufin gida, ƙaninta Abdulƙuddus yana barci. Kwana uku bai runtsa ba, sai jiya da yamma ya zube kamar an sare shi. Haka ƙwayar take yi masa.

Shekara uku ke nan da ya fara tura keken tsofaffi da marasa lafiya a Harami, ɗawafi da Safa da Marwa. A goman ƙarshe na wani azumi abokin aikinsa ya miƙa masa farar ƙwaya, kabtagon, wai don kada barci ya raba shi da masu Umara. Azumi ya wuce, ƙwaya ta zauna. Yanzu saura kwana tara a fara duban watan Ramadan, kuma kowa a gidan ya san in ya sake komawa cikin wannan cunkoson a haka, ko dai gawarsa ta dawo, ko kuma hukuma ta riga su.

Ummi, mahaifiyarsu, tana zaune a kusurwa, ta naɗe ƙafa, ta zuba wa darduma ido.

"Kawu, na kira Abu Fahad ɗin nan da bakina," in ji Salwa. "Mutum bakwai na kira cikin sati biyu. Tambayoyi iri ɗaya na yi wa kowa. Na ce masa, akwai likita a wurinku? Ya ce akwai wanda ya fi likita. Na ce ina takardar izininku? Ya ce in zo in gani, har yau bai turo ba. Na ce in yaron ya ƙi binku fa?"

"Sai ya ce me?"

"Dariya ya yi. Ya ce ba a ƙi a hannunsu."

"To ai abin da muke nema ke nan!"

"Ƙarti huɗu da igiya, Kawu. Gidan gona mai doguwar katanga a bayan gari. Wata shida ba ziyara, ba waya. In ya mutu a can, a bakin wa za mu ji?"

Kawu Tsoho ya ajiye carbin a cinya.

"Ke kin yi karatu, na sani. Duk Hindawiyya an sani, ba ki bar kowa ya manta ba. Amma ni na riƙe hannunsa ranar Juma'a da ya ɗauko wuƙar kicin yana cewa maƙwabta sun sa masa na'ura a bango. Ni. In da ɗan Yamalin nan na ƙasa ya kira 'yan sanda fa? Kama shi za su yi, in ya gama zaman kaso a yi masa tarhil, a kore shi daga ƙasar. A sauke shi a Njamena. Yaron da aka haifa a lungun nan, wanda ko gaisuwar Hausa sai ya haɗa da Larabci. Wa ya sani a can? Kabarin kakansa?"

Salwa ta san wannan gaskiya ce. Ita ma abin da ke hana ta barci ke nan.

"Da kun bar ni da Malam na unguwar Ka'akiyya..." ya fara.

"Malam da kansa ya ce mana ya yi ruƙiyya sau biyu, bai ga aljani ba. Ya ce addu'a ba za ta yanke ba, amma mu nemi masu magani. A gabanka ya faɗa."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Salwa ta ja niƙabinta, Ummi ta gyara mayafi. Kawu ya tashi yana tsaki ya buɗe.

Wani mutum ne siriri, baƙi, zai kai shekara arba'in, cikin farar jallabiya mai guga. Katin aiki na rataye a aljihun ƙirjinsa. Ya yi sallama, ya gaisa da Kawu da Larabci, ya cire takalmi ya jera su a gefe. Da ya shigo sai ya rusuna ta wajen Ummi.

"Inna, ina wuni? Mun same ku lafiya? Ya haƙuri?"

Ummi ta ɗago kai a firgice.

"Salwa! Bahaushe ne?"

"Eh, Ummi. Sunansa Ustaz Hashimu. Murshid ne, aikinsa ke nan, zama da iyalan masu shan ƙwaya har a shawo kan mutum ya yarda da magani. Da asibiti yake aiki, akwai likita a bayansa. Na je na ga wurin da idona."

"Ba ki ce min namu ba ne." Ummi ta juyo wajen Salwa. "Na ce miki bare. Na ce a nemo wanda bai san mu ba, bai san kowa namu ba. Yanzu gobe in shiga gidan suna a unguwar Jarwal mata su yi ta taɓa juna?"

Kawu Tsoho bai zauna ba. Ya tsaya yana ƙare wa baƙon kallo, ya ƙanƙance ido.

"Tsaya. Kai ba ɗan Safara'u ba ne? Mai ƙosai a bakin tsohuwar kasuwar Jarwal?"

"Ni ne, Kawu. Allah ya yi mata rasuwa bara waccan."

"La haula!" Kawu ya tafa hannu. Ya juyo wajen Ummi. "Rakiya, kin san wa 'yarki ta kawo miki? Wannan shi ne yaron da ya ciro ƙofar gidan uwarsa ya sayar. Ƙofa! Da idona na gan shi kwance a bayan shagona, ƙudaje na bin bakinsa. Wannan ne likitan?"

Salwa ta kauda ido. Ta san tarihinsa, shi ya fara gaya mata tun a kiran farko. Abin da ba ta zata ba shi ne Kawu ya san fuskarsa.

Hashimu ko gezau.

"Ƙofa biyu ne, Kawu. Ta waje da ta banɗaki. Ka manta ɗaya."

Hashimu ya dubi Kawu cikin ido.

"Kuma kai ka ba ni ruwa ranar. Ban manta ba. Zan iya zama?"

Ba wanda ya ce masa a'a, sai ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ya ɗan ɗage jallabiyarsa, ya miƙo ƙafar dama. A idon sawun akwai wani zobe na tabo, fari, ya zagaye ƙafar gaba ɗaya.

"'Yar'uwa ta ce min akwai motar da za ta zo da La'asar. Ban san wurin mutumin ba, ba zan yi masa ƙazafi ba. Amma na san irinsa. Wata biyar na yi a ɗaya. Wannan sarƙarsu ce. Ranar da aka sako ni, kafin in isa gida na tsaya na saya. Ban ma gaida uwata ba tukuna."

"To me ya raba ka da ita?" Kawu ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, kamar ba ya so a ji ya tambaya.

"Wani mutum da ya zauna a ƙasa kamar yadda na zauna yanzu. Da likita. Da uwata, ranar da ta daina rufa min asiri. Shekara tara ke nan, alhamdulillah."

Ummi ta sunkuyar da kai.

Salwa ta dubi agogon bango. Saura minti talatin da biyar a kira salla.

"Ustaz, faɗa musu yadda kake aiki. Lokaci na tafiya."

"Ba na ɗaukar mutum yana barci, wannan na farko," in ji Hashimu. "Kuma ba na fara ganinsa sai na ga mutanen gidansa, shi ya sa na ce a tara min ku. Gobe da safe, in ya tashi ya ci abinci, za mu zauna da shi a nan. Kowannenku zai faɗa masa abu ɗaya da ya gani da idonsa. Ba zagi, ba wa'azi, ba tsinuwa. Sannan kowa ya faɗi abin da ya daina yi masa daga ranar. An riga an ware masa gado, likita ya san da zuwansa. In ya ce eh, a motata za mu tafi, ke Inna kina gefensa."

"In ya ce a'a fa?" in ji Kawu.

"Zan dawo jibi."

"In ya sake cewa a'a?"

"Zan dawo gata. Amma ku kuma ba za ku koma yadda kuke ba. Yawanci ba bakina ke karya su ba, Kawu. Ganin gida ya canja ne."

"Hukuma fa?" Wannan karon Ummi ce, ba ta ɗago ba. "Ba ɗan ƙasa ba ne. Iƙama ce da shi, takardar izinin zama kawai."

Hashimu ya juyo wajenta.

"Inna, ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Duk wanda ya ce miki ya lamunce miki hukuma, ƙarya yake. Abin da na sani shi ne, wanda danginsa suka kai shi neman magani da ƙafarsu ba ɗaya yake da wanda aka kama a titi ba. Amma akwai sharaɗi. Duk abin da ke hannunsa na ƙwaya, sai an miƙa shi. Ba a zubarwa a masai, ba a ɓoyewa. A ina yake ajiyewa?"

Salwa ta saki wata gajeriyar dariya mai ɗaci.

"Da na sani da ban rame haka ba. Wata biyu ke nan bai taka waje ba, tun ranar da aka yi samame a lungun nan aka kwashe abokansa. Mabuɗin ƙofa a wuyana yake kwana. Wayarsa tana jakata. Na farke katifarsa. Na leƙa tankin ruwa. Na kwance bayan fanka. Ko abokinsa ɗaya ban bari ya hau benen nan ba. Amma kullum idonsa a bushe, haƙoransa na cizon juna. Na rasa ta inda take shigowa."

"Wata biyu bai fita ba?"

"Ko bakin ƙofa."

"Kuma bai daina ba."

"Bai daina ba."

Hashimu ya gyaɗa kai a hankali. Bai dubi kowa ba, sai ya zuba ido a kan tabon ƙafarsa.

"To ba shigowa take ba. A cikin gidan take."

Kawu ya murtuke fuska.

"Me kake nufi?" in ji Kawu. "Wa kake zargi?"

"Ba na zargin kowa. Labarin uwata kawai zan ba ku. A cikin gwangwanin kanwa take ajiye min. Kullum ta ba ni kaɗan da hannunta, tana kuka. Ta ce gara in sha a gabanta da in fita a kashe ni. Duk Jarwal ba wanda ya kai ta sona. Kuma shekara biyu ta ƙara min a ciki."

Salwa ta juya don ta ce wa Ummi ta ji irin jahilcin da so ke jawowa.

Ba ta kai ga faɗa ba.

Hannuwan Ummi ne ke karkarwa a kan cinyarta. Ta damƙe ɗaya da ɗaya, suka ƙi tsayawa.

"Ummi?"

Ummi ta dafa bango ta miƙe. Ta shiga ɗakinta. Suka ji ƙarar murfin akwati, sannan takunta a hankali tana dawowa.

Kwalbar turaren wuta ce a hannunta, babbar nan mai jan murfi, wadda take haɗawa da kanta irin na mutanen Chadi, wadda ba a buɗewa sai ranar Juma'a ko in za a yi baƙi. Ta durƙusa a tsakiyar falo ta buɗe. Ƙamshin sandal ya cika ɗakin. Ta tura yatsu ta kauda itacen turaren, ta jawo wata baƙar leda a ƙulle.

Da ta kwance, fararen ƙwayoyi suka bayyana, kowace da zanen jinjirin wata biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Kawu. Ya zauna daɓas. "Rakiya!"

"Ranar samamen na tsince su a cikin takalminsa," Ummi ta ce, tana magana da kwalbar. "Na ce in zubar. Ya kama ƙafata. Ya ce in na zubar zai dira ta rufin maƙwabta ya je ya nemo, kuma 'yan sanda na bakin titi. Sai na ce to. Na ce ɗaya kullum, bayan sallar Asuba, da shayi. Shi kuma ya rantse min ba zai fita ba. Kuma bai fita ba, Yaya. Wata biyu ɗana yana gabana. Ba a kama shi ba."

"Ɗaya?" in ji Hashimu a hankali.

Ummi ta rufe ido.

"Da farko."

Salwa tana tsaye. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Tabarmar da take shimfiɗawa a ƙasan matakala tana gadin Abdulƙuddus. Ranar da ya bangaje ta kafaɗarta ta bugi bango, ta je makaranta ta rubuta wa ɗalibai darasi da hannun hagu, ta ce musu faɗuwa ta yi. Auren da ta ce a dakata da maganarsa har sai ƙaninta ya warke.

Hawaye ya taho. Ta mayar da shi. Ba a gaban baƙo ba.

"Ummi," ta ce, muryarta a daidai, "ranar da na zazzage buhun shinkafa a kan tabarma ina nema, ke kika riƙe min bakin buhun."

Ummi ta fashe da kuka.

"Kika ce min, duba da kyau, 'yata."

"Salwa, ya isa," in ji Kawu.

"Bai isa ba, Kawu. Wata biyu ina zargin almajiran Malam, ina zargin mai kawo gas, har matar maƙwabci na daina gaisarwa. Ni ce marar kunyar unguwa. Ashe..."

"'Yar'uwa." Hashimu ne. Bai ɗaga murya ba. "Kina da gaskiya, kuma za ki faɗe ta duka, akwai ranar da na ware don wannan. Amma ki duba abin da ta yi yanzu. Ba wanda ya san da kwalbar nan. Da ta yi shiru, da na tashi na tafi ban sani ba. Uwata sai da aka kama ta."

Salwa ta cije leɓe a bayan niƙabi. Ta koma ta zauna, nesa da Ummi.

Daga masallacin lungu aka ɗaga kiran sallar La'asar.

Kawu Tsoho ya zabura kamar an tsikare shi. Ya matso kusa da ƙanwarsa.

"Rakiya, saurare ni. Yanzu abin ya wuce maganar yaro, ke ma kin shiga ciki. Kawo in juye su a masai, a kora ruwa, shi ke nan. Abu Fahad ya zo ya ɗauke shi. Balarabe ne, bai san mu ba, ba ya tambayar komai. Ba takarda, ba suna, ba wanda zai ji. Bayan wata shida a ce ya je Madina aiki."

Ummi ta share fuska da gefen mayafi. Ta dubi yayanta. Ta dubi Salwa, Salwa ta kauda kai. Sannan a karon farko ta dubi Hashimu sosai.

"Ɗan Safara'u."

"Na'am, Inna."

"Za ka ɗaure min shi?"

"A'a."

"Ko ya zage ka?"

"An zage ni da yare huɗu, Inna. Har yanzu ina cin abinci."

"Mutanen Jarwal fa? Bakinka?"

"Shekara shida ina shiga gidajen mutanenmu, daga Jarwal har Ka'akiyya. Kawu yana zaune a kasuwa kullum, duk labarin da ya tashi ta gabansa yake wucewa. Kawu, ka taɓa jin an ce na shiga gidan wane?"

Kawu ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Gidajen su wa?"

"Ba zan faɗa ba."

Ummi ta tura ledar zuwa gabansa. Hashimu ya janye hannunsa.

"Ni ba na ɗauka. Ke za ki riƙe, ke za ki miƙa gobe a asibiti, ina tsaye kusa da ke, Kawu yana ɗaya gefen in ya yarda. Amma daga wannan minti, ko rabi ba za ki ƙara ba shi ba. Zai yi kuka. Zai ce ba kya sonsa. Zai iya kwana biyu ba ya ko ɗaga kai. Za ki iya?"

"Ban sani ba," in ji Ummi.

"Wannan amsar ta fi min 'zan iya'."

Ummi ta ja dogon numfashi.

"Yaya, kira mutumin nan. Ka ce kada ya zo."

"Rakiya..."

"Ni na haife shi. Na riga na cuce shi sau ɗaya a ɓoye. Ba zan ƙara ba."

Kawu ya girgiza kai. Ya ciro waya daga aljihu yana gunaguni, ya danna, ya kara a kunne. Ta yi ta ringi. Ya sake dannawa.

"Ba ya ɗauka."

"Sake kira, Kawu," in ji Salwa. Ta riga ta isa taga.

Ta leƙa ƙasa.

Wata farar mota mai baƙin gilashi tana kutsowa cikin lungun, tana gogar bango saboda ƙunci. Yara masu ƙwallo suka dare. Ta tsaya daidai ƙofarsu. Mutum biyu suka fito ta baya, sannan na uku.

"Sun iso."

A daidai lokacin suka ji wata ƙarar, ba daga waje ba. Daga sama. Ƙofar ɗakin rufi ce ta buɗe. Taku a kan matakala, a hankali, ana jan silifa.

"Ai sai gobe muka ce," Salwa ta faɗa da raɗa. "Ustaz, ba mu shirya ba!"

"Ba mu shirya ba," in ji Hashimu. Bai tashi daga inda yake zaune ba. "Kowa ya zauna. Kada wanda ya yi ƙarya, shi ke nan abin da nake roƙo."

Abdulƙuddus ya bayyana a bakin falo, dafe da bango. Singileti ce a jikinsa, ƙasusuwan wuyansa a waje, leɓɓansa sun tsage. Barci ya sa rabonsa na Asuba ya wuce shi, jikinsa kuma ya tashe shi yana nema. Bai lura da baƙo ba. Bai lura da Kawu ba. Uwarsa kawai ya gani.

"Ummi, ina nawa na yau?"

Sai idonsa ya sauka a kan kwalbar a buɗe, da ledar a tsakiyar falo, a gaban kowa.

Ya daskare.

Ummi ta ɗora tafin hannunta a kan ledar. Ta ɗago ta dube shi cikin ido.

"Babu, Ƙuddus."

"Esh? Me kika ce?"

"Babu. Yau babu, gobe babu."

Aka buga ƙofar waje da ƙarfi, sau uku. Wata kakkaurar murya ta kira sunan Kawu da Larabci.

Salwa ta riga kowa isa ƙofar. Ta zura sakata, ta juya mabuɗin da ke wuyanta, ta jingina bayanta da ƙofar. Tana jin bugun yana ratsa ƙashin bayanta.

Abdulƙuddus ya waiwayo, idanunsa sun firfito.

"Abla," ya ce, yadda yake kiranta tun yana ƙarami, "su wane ne a ƙofa? 'Yan sanda kuka kira min?"

Salwa ta dubi Hashimu. Ya gyaɗa mata kai sau ɗaya.

Ta sauke niƙabinta don ƙaninta ya ga fuskarta.

"Ba 'yan sanda ba ne. Na waje sun zo da igiya su ɗauke ka, kuma sai sun bi ta kaina za su shigo. Wannan na zaune ya zo hannu sake. Ya sha abin da kake sha, ya fita. Ni na nemo shi, Ummi ta zaɓe shi. Mu mun gama namu, Ƙuddus. Saura kai."

Kawu Tsoho ya miƙe a hankali. Salwa ta ɗauka ƙofar zai ce ta buɗe. Sai ya zo ya tsaya kusa da ita, ya jingina tasa kafaɗar da ƙofar.

Aka sake bugawa.

Hashimu ya matsa kaɗan, har gwiwarsa ta kusa taɓa kwalbar turaren. Ya miƙa hannunsa sama, tafin a buɗe.

"Sunana Hashimu. Zo ka zauna, ɗan'uwa. Ƙafarka na rawa."

Tafin Hashimu da ledar da ke ƙarƙashin hannun Ummi, tazararsu ba ta fi taƙi ɗaya ba.

Abdulƙuddus ya saki bango. Ya tako sau ɗaya, ya tako sau biyu, ya durƙusa.

Ya miƙa hannu.